Uwar Kwalabe da Tukwane Ɗari Uku

Ƙarfe bakwai saura kwata take isa ƙofar ɗakin gwaje-gwaje, kafin mai shara ya iso, balle ɗalibai. Takan rataye mayafinta a ƙusar da ke bayan ƙofa, ta zura farar rigar aiki wadda aljihunta na hagu ya sha ɗinki har ya gaji, sannan ta buɗe firji ta duba ma'aunin sanyi. Idan an ɗauke wuta bayan tashinta jiya, a nan take ganewa. Daga nan sai wankin kwalabe: da sabulu, da ruwan famfo, sannan ɗauraya uku da tataccen ruwa, ta kife su a jere a kan tire. Shekara talatin da biyu ke nan tana wannan aiki a cibiyar binciken ruwa ta jami'a, kuma ba ta cika yarda wani ya wanke mata ba, domin a cewarta kwalbar da ba ta wanku ba ƙarya take yi wa mai gwaji. Dalilin da ya sa ɗalibai suka laƙaba mata Uwar Kwalabe ke nan. Da farko a bayan idonta ake faɗa. Ranar da ta ji da kunnenta sai ta ce, "Ai gara 'ya'yan nawa, su ba sa zuwa a makare." Aka yi dariya, suna ya zauna, har Farfesa shugaban cibiyar da shi yake kiranta.

A ƙarshen wannan wata za ta yi ritaya, shi ya sa muka ga ya dace a faɗi wasu abubuwa tun tana raye tana ji, ko da yake mun san za ta karanta ta ce an cika surutu.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce, ba ta da babban digiri. Idan an buga sakamakon bincike, sunayen manya ne ke sama, ita kuwa tana can ƙasa a cikin layi ɗaya da ake cewa ana godiya ga ma'aikata. Amma duk lambar da ke cikin waɗannan takardu, ta hannunta ta bi.

Tun kafin sauyin yanayi ya zama maganar rediyo, ita ta riga ta gan shi a cikin kwalba. Direban cibiyar, wanda ya yi shekara ashirin yana kai ta ɗibar ruwan gwaji, shaida ne. Rijiyoyi arba'in suke zagayawa kowane wata, su dai waɗannan arba'in ɗin. Ya ce lokacin da ya fara aiki, igiyar gugansu gaba shida ce kuma tana isa har da saura. Yanzu sau biyu yana ƙara mata tsawo, kuma idan rani ya yi nisa akwai rijiyoyin da guga ke dawowa da laka. Damina ma ta canza hali. Ruwan da a da yakan sauka a hankali cikin wata guda, yanzu sai ya yi makonni ba ɗigo, rana ɗaya ya zubo gaba ɗaya. Unguwar da ke gangare kusa da kogi ita ke shan wahalar. Ruwa ya cika masai, ya kwaso abin da ke ciki ya zuba a rijiya. Bayan kwana uku laka ta kwanta, ruwan ya koma garau, mutane su ci gaba da sha.

"Mama takan ce ruwan da ya fi ba ta tsoro shi ne wanda ya yi garau bayan ambaliya," in ji Direba. "Mai laka kowa zai guje shi. Wannan kuwa har jariri ake ba."

Shekaru tara da suka wuce Farfesa ya dawo daga wani taro da zancen fasahar nano. Abin da ake nufi shi ne sarrafa abu a ƙanƙantar da ido ba ya gani, har madubin ƙara girman abu da ke ɗakin gwajin ma bai isa ya nuna shi ba. Ana narkar da sinadarin azurfa a mayar da shi ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda sai an jera fiye da dubu kafin su kai kaurin gashin kai guda. A wannan ƙanƙanta azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta. Idan aka shafa ta a jikin tukunyar yumɓu mai tsatsafo, aka zuba ruwan rijiya a ciki, ruwan zai riƙa ɗiga cikin bokiti a ƙasa: yumɓu ya tare datti, azurfa ta kashe abin da ya kuɓuce. Tukunyar ba ta buƙatar wutar lantarki ko itace.

Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Farfesa ya kawo takardu, amma Uwar Kwalabe ce ta yi fiye da shekara tana haɗawa tana zubarwa. Ta gano cewa idan haɗin ya yi daidai, launinsa kamar shayin da bai ji ganye ba ne, rawaya-rawaya. Idan ya koma toka-toka, ƙwayoyin sun dunƙule, aikin ya lalace. Zafin ɗakin da hasken rana su ne suka fi ɓata mata shi. Sai ta riƙa naɗe kwalaben da baƙar takarda, idan wuta ta ɗauke kuma ta binne su a jiƙaƙƙen yashi cikin randa. Wanda ya lalace ba ta yarda a tuttule shi a magudana. Tana tara shi a jarka mai murfi, don ta ce abin da ke kashe ƙwayar cuta a tukunya ba za a sake shi cikin kogi a ce ba ruwan kowa ba.

Ita ce kuma ta nemo mai gina tukwanen, wata dattijuwar maginiya da ke bayan gari. Ta yi mata bayanin cewa za a kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayin shinkafa, idan an gasa ƙaiƙayin ya ƙone ya bar ƙananan kafofi da ruwa zai riƙa bi. Maginiya ta saurara har ƙarshe, ta goge hannunta a zani, ta ce, "Ƙanwata, shekara arba'in ina gina tukunya don kada ta yi yoyo. Yau kin zo da farar riga ki ce in gina mai yoyo da gangan? Karatun ne ya kawo haka?"

"Yaya, yoyo ne mai tarbiyya. Lita biyu a awa, kada ya wuce."

Tun daga ranar suka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya, kullum cikin musu.

Da aka fara raba tukwanen kaɗan-kaɗan, ita ke bi gida-gida tana koya wa mata yadda ake kula da su. Kada a wanke cikin tukunya da sabulu, kada a kankare da ƙarfe, kada a taɓa gindinta da hannu mai datti. A wani gida ta tarar da wata tsohuwa ta ɗauki cokali tana kankarar tukunyar a rana, tana kanne ido. Ta ce an gaya mata akwai azurfa a ciki, ita kuwa jikarta na son 'yan kunne. Uwar Kwalabe ta zauna a tabarma ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "Kaka, ko tukunya ɗari kika kankare ba za ki sami na ɗan kunne ɗaya ba. Bar ta ta tsare cikin jikar taki, kunnen ya jira." Washegari ta kawo mata sabuwa.

Abin da ya sa muke wannan rubutu, shekara huɗu ke nan da faruwarsa. A wata Asabar ta tsakiyar damina aka yi ruwan da tsofaffin unguwar gangare suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Kogi ya shigo gidaje, aka kwashe mutane aka zuba su a azuzuwan wata makarantar firamare da ke kan tudu. Kafin Litinin, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da sansanin, wadda kowa ke kira Nas, ta aiko cewa yara sun fara amai da gudawa.

A rumbun cibiyar akwai tukwane ɗari uku, sababbi, an shafa musu azurfa. An gasa su ne cikin gaggawa a makonnin da ruwa ya fara yawa. Farfesa ya ce a loda su a mota, ranar Talata da safe a kai. Saura sa hannun Uwar Kwalabe a takardar da ke cewa an gwada sun yi. Ta zaɓi goma daga ciki, ta zuba musu ruwan rijiyar unguwar, ta ɗebi abin da ya ɗiga ta shafa a farantan gwaji, ta sa a akwatin ɗumi. Irin wannan gwaji kwana guda yake ɗauka, ba a iya hanzarta shi.

Talata da safe ta buɗe akwatin. Faranti shida fes. Huɗu kuwa sun yi ɗige-ɗige, alamar ƙwayoyin cuta sun wuce ta cikin tukunya da ransu. Ta daɗe tana kallon su, tana jin ƙarar motar da Direba ya tayar a waje. Sannan ta ɗauki farantan ta nufi ofishin Farfesa.

"Ranka ya daɗe, ba zan iya sa hannu ba."

Farfesa ya dubi farantan, ya cire tabarau. Mutum ne mai tausayi, kuma da safiyar nan ya yi waya da Nas. Ya ce, "Na gani. Amma shida cikin goma suna aiki. Ko masu matsalar ma ai suna rage wani abu. Yaran nan yanzu haka ruwan rijiya suke sha kai tsaye. Mu jira me?"

"Ba kai tsaye duka suke sha ba. Iyayen na tafasawa gwargwadon itacen da suka samu. Ranar da muka miƙa wa uwa tukunyar nan muka ce ta jami'a ce, ta daina tafasa ruwa ke nan. Ni na koya musu haka da bakina. Gidan da ya sami mai tsaga, mun raba shi da ɗan abin da yake kare shi, mun ba shi bokiti mai murfi."

"To idan wani yaro ya mutu muna nan muna gwaji fa?"

Ta ce, "Wannan tambayar tun asuba nake yi wa kaina, ba ni da amsarta. Kai ne shugaba, idan ka ce a tafi, mota za ta tafi. Amma ba da sa hannuna ba. Idan ka ba ni dama, zan gwada su ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta yi ta fita a ranar."

Farfesa ya miƙe ya tsaya a taga. Bayan wani lokaci, ba tare da ya juyo ba, ya ce a sauke kayan.

Aka tara duk bokitin da ke cibiyar, har na mai shara. Sai an jiƙa tukunya ta sha ruwa sosai, sannan a cika ta a auna abin da ya ɗiga cikin awa guda. Wadda ta wuce ƙa'ida akwai tsagar da ido bai gani ba. Direba ya ɗauko Maginiya, ta zauna a kan kujera 'yar tsugune tana ƙwanƙwasa kowace tukunya da bayan yatsa, kunnenta a jiki. Mai lafiya takan yi amo mai tsawo, mai tsaga kuwa sai ta amsa a dushe. Kusan kowane lokaci kunnen tsohuwar da ma'aunin Uwar Kwalabe bakinsu ɗaya. A tsakiyar aikin Maginiya ta ce, ba ta ɗago kai ba, "Itacen a jiƙe yake, wutar ba ta kama daidai ba. Na sani tun a ranar. Na yi shiru don ana ta aike a yi sauri."

"Yaya, mu muka yi ta aiken. Ƙwanƙwasa ta gaba."

Kafin kashin farko ya fita, Uwar Kwalabe ta sa Direba ya yi ta jigilar gawayi zuwa makarantar da saƙon a ci gaba da tafasa ruwa. Bai wadatar ba, mutane sun fi gawayin yawa. Kashin farko na tukwane ya isa ranar Laraba da yamma, na ƙarshe ranar Juma'a. Ɗari biyu da goma sha biyu suka tsallake. Sauran tamanin da takwas Maginiya da kanta ta farfasa su a bayan rumbu, don kada wani ya tsinta ya kai gida.

Ranar Alhamis da safe wata yarinya 'yar shekara biyu ta rasu a aji na ƙarshe, ajin da tukwane ba su kai gare shi ba sai Juma'a.

Nas ce ta ba mu labarin abin da ya biyo baya, domin a gabanta aka yi. Uwar Kwalabe ta ɗauki tukunyar wannan aji da hannunta, ta ce a nuna mata uwar yarinyar. Matar tana zaune a ƙarƙashin allo, da yara biyu a jikinta. Bayan Uwar Kwalabe ta yi mata gaisuwar rashi, Nas tana ta yi mata ido kada ta ƙara komai, sai ta ce, "Baiwar Allah, tukwanen nan tun Talata ya kamata su zo. Ni ce na hana, saboda wasu na da tsaga. Na ga bai kamata ki ji a bakin wani ba."

Matar ta dube ta. Sannan ta ce, "Da an kawo ranar Talatar, wacce za a ba ni? Mai kyau ko mai tsagar?"

"Ban sani ba."

"To ni ma ban sani ba. Allah ne ya sani." Ta jawo ƙaramin yaron ta gyara masa riga. "Saura biyu gare ni. Wannan da kika kawo, kin gwada ta?"

"Da hannuna."

"To, Mama, nuna mini yadda ake wanke ta."

Maigidan Uwar Kwalabe, wanda tela ne, ya ce da ta dawo gida a ranar ba ta taɓa abinci ba. Ta jawo kujera ta zauna kusa da kekensa yana ɗinki har ya gama wuyan riga. Shi mai yawan tsokanarta ne, yakan ce ita kaɗai ce matar da ake ba ruwa a gidan surukai ta ɗaga kofi tana duba shi a haske. Amma a ranar bai sami abin tsokana ba. Da ta buɗe baki cewa ta yi, "Malam, ko gobe aka sake, haka zan yi. Amma kada kowa ya zo ya ce mini na yi daidai, ba na son ji." Har yau ba ta son a ta da zancen, kuma mun san wannan sashe na rubutun zai sa ta yi fushi da mu. Mun rubuta ne don mutane su san nauyin da ke kan wanda ake jira ya sa hannu.

Farfesa bai ɓoye ba, ya ce ya yi mako biyu yana jin haushinta. Bayan haka shi da kansa ya kafa dokar cewa babu tukunyar da za ta sake barin cibiyar sai an gwada ta ita kaɗai, an buga mata lamba a baki. Aka yi wa Maginiya rumfar ajiye itace. An sake yin ambaliya sau biyu tun daga lokacin, kuma Nas ta ce yaran da ake kawo mata da gudawa daga gidajen da ke da tukunya sun ragu ƙwarai. Da aka rubuta rahoton aikin, Farfesa ya sa sunan Uwar Kwalabe a sama tare da nasa. Ta karanta, ta mayar masa, ta ce akwai kuskure, an manta da wadda ta gina tukwanen. Aka gyara.

Ba ta taɓa yarda a kambama abin ba. Idan baƙi suka zo suna cewa fasahar nano za ta magance sauyin yanayi, takan bari su gama, sannan ta ce tukunya ba ta hana kogi cika, ba ta mayar da ruwan rijiyar da ya ja baya. Abin da take yi shi ne ta raba yaro da ciwon ciki kafin manya su gyara abin da ya fi ƙarfin tukunya. A ganinta wannan ma ba ƙaramin aiki ba ne, muddin an yi shi da gaskiya.

Ke ce, Mama, wadda ta yi shekara talatin da biyu tana tsaron lafiyar mutanen da ba su san fuskarta ba. Ke ce kika iya cewa a'a a ranar da i ta fi sauƙi, kika kuma je kika tsaya gaban wadda abin ya shafa ba tare da an tura ki ba. Aikinki a kan abin da ido ba ya gani ne, inda da kin yi ha'inci babu mai kama ki, amma ba ki yi ba.

A makon jiya abokan aiki suka shirya mata ɗan taron bankwana a harabar cibiyar. Aka yi jawabai, aka ba ta kyauta a naɗe, sannan aka miƙa mata abin magana. Kowa ya gyara zama, ana jiran tarihin shekaru talatin. Ta zaro takarda daga aljihu ta ce, "Na gode, Allah ya saka da alheri. Tukwanen da ke da lamba daga ɗari huɗu zuwa ɗari biyar da sittin sun cika shekara biyu, azurfarsu ta yi rauni. Damina saura mako shida. Ga sunayen gidajen." Ta miƙa wa matar da za ta gaje ta, ta koma ta zauna. Ranar Litinin aka fara zagayen gidajen don sabunta azurfar.

Mun gode, Uwar Kwalabe. Allah ya ba ki hutu mai albarka, ya ƙara miki lafiya, ya sa abin da kika yi wa 'ya'yan mutane ya bi naki 'ya'yan da jikoki. Mu kuma da muka rage, kowannenmu akwai wani abu da ke bi ta hannunsa kafin ya isa ga jama'a, magani ne, ko birkin mota, ko jarrabawar ɗalibi, ko ginshiƙin gini. Yanayi ya riga ya canza, damuna masu wuya na nan tafe, kuma sababbin dabaru za su yi ta zuwa. Kafin mu ce abu ya yi, mu duba shi yadda ta duba, domin a can ƙarshen layi akwai uwa da za ta ɗauka ta ba ɗanta saboda ta yarda da mu.